Haƙorin Hankali

Rana guda anka cire musu, Luba da Mudi,
don kar in biya kuɗin keke sau biyu.
Likita yac ce haƙorin hankali ne,
ya fito a karkace, yana tunkuyar maƙwabcinai.
Nic ce ai na daɗe da sanin
hankalin gidanga a karkace yaz zo.
Ba wanda yay yi dariya. Baki cike da auduga.

Uwassu na Yabo, tana jinyar tata uwa.
Ta waya taj jero min dokoki:
kar su tsotsa, kar su tofa,
kar ka ba su abu mai zafi, Sambo, na san ka.

Mudi, da rabon ya haɗa min kalma biyar
tun babbar Sallar bara,
maganin barci bai gama sakinai ba
da munka kawo Gawon Nama,
yak kama hannuna, yana magana ta bayan auduga:
wai shi yaf fasa madubin babur ɗina,
ba akuyar Malam Ladan ba.
Shekara guda ina harara tai, baiwar Allah.

Luba kuwa, rediyon gida,
wadda ko a barci takan ba da labari,
ta yi tsit, kumatu kamar ta ɓoye goruba biyu.
Tana ɗaki, ina tsakar gida,
sai saƙo ke shigo min:
Baba, ƙanƙara.
Baba, in Hindatu ta zo, ce mata na tafi Yabo.
Baba, ɗauke madubin nan.

Wuta ta ɗauke tun azahar.
Zafin Sakkwato bai san mai ciwo ba.
Sau uku ina zuwa Mabera wurin mai firji,
in naɗe ƙanƙara cikin ɗankwalin uwassu,
kunci huɗu, hannu biyu gare ni,
kafin in gama da wannan ta zama ruwa ga wancan.

Fura nid dama, nit tace, nis sake tacewa,
har ta manta ita gero ce.
Kunu na hura shi cokali-cokali.
Saurayin da yaf fi ni tsawo
ya buɗe baki faɗin ɗan yatsa,
yana kallon bango don kar mu haɗa ido.
Kilishina kuwa, a zaure nic ci shi, cikin duhu,
kamar ɓarawo,
nik kurkure baki kafin in shigo.

Ƙarfe biyu na dare nit tashi da tocila.
Ɗigon jini bisa matashi, bai kai kwabo ba,
amma sai da ƙafata tay yi sanyi.
Nic canza auduga, nit tada kai da matashi biyu,
niz zauna ina ƙirga numfashi.
Sanda haƙoransu na fari sunka fito,
da zazzaɓi da zawo da kukan dare,
ni barci nika yi. Ita ta san wannan zama.
Ashe bashi ne, ya jira ni shekara goma sha bakwai.

Wanshekare ruwan gishiri mai ɗumi,
a juya kai a hankali, a bar shi ya zubo da kansa.
Sun jeru bakin rariya kamar agwagi.

Rana ta huɗu ina alwala
nij ji ihu daga ɗaki:
wa yat taɓa min caja?
Murya a shaƙe, rabin baki, amma ta Luba ce.
Ban shiga rabo ba. Na bar su.

Mudi yac ce bai tuna wata maganar madubi ba.
Haƙoran na nan cikin takarda a aljihun rigata,
manya, masu saiwa a lanƙwashe.
Ɗazun na yanka ɓawon kankana
na kai wa akuyar Malam Ladan.