Haɗiya

Daga Tawa zuwa Yamai, a mota yini ne cur.
A sama kuwa, kafin a zuba shayi na uku an sauka.
Shi ya sa na sayar da rago, na sayi kujera kusa da taga,
ni da Haulatu, mai wata biyar da kwana tara.

Uwarta na asibitin Lamorde, ƙetaren gulbi,
kwana goma sha ɗaya, an farka, an ɗinke.
Jiya muryarta ta fito ta waya, siririya kamar zare:
kawo mini ɗiyata.

Jaka ɗaya. Kwalbar madara biyu.
Da zanen Balkisa da na ƙi a wanke da gangan,
don yarinya ta riƙa jin ƙanshin uwa.

Jirgi bai ko motsa ba na ɗura mata ta farko,
kunyar kuka cikin mutane ta sa ni gaggawa.
Ta shanye tas. Ta yi gyatsa.
Sannan ƙasa ta sake mu.

Na san kukan yunwa, na san na jiƙa,
na san wanda take yi in ta laluba ƙirjina ba ta samu kome ba.
Wannan baƙo ne.
Tsini gare shi kamar basilla.
Ta kai hannu ga kunne tana ja,
kamar za ta cire shi ta ba ni in riƙe mata.

Ta kusa da ni, Hajiya Tsahara, mai fataucin albasar Galmi,
ta ajiye carbi a cinya.
«Iska ce, yaro. Ta shiga ɗaki ta rasa mafita.
Kunne na da ƙofar baya, tana can maƙogwaro,
haɗiya ce mabuɗinta.
Hannunka da tsabta? Ba ta ɗan ƙaramin yatsa.»

Na ba ta. Ta kama da dasashi, ta tsotsa cikin fushi,
kukan ya kakkarye, ya zama ajiyar zuciya.

«Kwalba ta biyu, ɓoye ta kamar kuɗin magani.
Hawa wasa ne, sauka ce mai cizo.
In jirgi ya sunkuyar da kai, kada ka bar ta barci,
mai barci ba ya yawan haɗiya.
Tashe ta, ko za ta tsine maka. Zaunar da ita.»

Ƙarƙashinmu fako ja, garuruwa kamar an watsa gero,
sai ga gulbi kwance, da koren shinkafa a gefensa,
da jirgin ruwa ɗaya, ɗan tsinke.
Cikina ya ji mun fara gangara.
Na tashe ta. Ta harare ni da idon uwarta.
Na sa mata kwalba,
ina kallon maƙoshinta yana hawa yana sauka,
ƙut, ƙut,
ina ƙirgawa kamar mai karɓar bashi.
Ba ta yi kuka ba.

Ni ne duniya ta toshe wa.
Bakin Hajiya na motsi, ba na jin kome,
kamar an tsoma kaina a randa.
Ta buɗe tafina, ta sa dabino guda,
ta nuna wuyanta.

Na tauna.
Sai na tarar akwai abin da ya tsaya mini a nan
tun daren da motar asibiti ta fita da Balkisa daga ƙofar gida.
Kwana goma sha ɗaya ina zagaye shi da ruwa da tuwo.
Na haɗiye, da ƙyar.

Ɗas!
Ƙarar inji ta dawo, da tsotson Haulatu,
da wutsiyar maganar Hajiya:
«...ai uban ma jariri ne.»

Taya ta taɓa ƙasa.
Na tofa ƙwallon dabino a hannu, na rasa inda zan yar,
na sa shi aljihu, tare da kuɗin taksi.