Giwar Da Ban Taɓa Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya
ina ratsa wannan dandali da asuba.
Jirgin ruwa ya sauke mu a bakin Teju,
mu mata masu goge-gogen ofisoshi,
kowa da jakarta a hammata,
ido a ƙasa, ƙafa na sauri.
Na san inda ruwan sama ke kwanciya.
Na san ramin da ya cinye wa Deolinda dunduniyar takalmi.
Lisbon ɗin da na sani ke nan,
daga gwiwa zuwa ƙasa.

Wata biyu da ajiye tsumma,
jikana Telmo ya jawo ni ran Lahadi,
wai malamarsu ta ce a zano dandali.

Ashe gine-ginen nan rawaya ne
kamar gwaiduwar ƙwai.
Ashe can saman babbar ƙofa
wata mace ta dutse na miƙe da hannuwa
tun ba a haifi kakata ba,
kuma ba ta ce wash ba.

Sarkin tagulla kam na san shi,
ya yi kore don tsufa a kan dokinsa.
Da shi muke kwatance:
mu haɗu gindin doki.

“Kaka, macizai a ƙafar dokin!”
Na duba. Macizai ne.
“Kaka, giwa!”
Na ce kai yaro, giwa a Lisbon?
Ya zagaya da ni ta gefe,
sai ga ta, an sassaƙa ta jikin dutse.
Duk shekarun nan muna maƙwabtaka,
ko sannu ba ta taɓa haɗa mu ba.

Wani mai jagoran baƙi ya ɗaga laima
yana ba su labarin girgizar ƙasa,
yadda kogi ya ja da baya irin na rago
sannan ya dawo.
Na raɓe a bayansu ina saurare kyauta,
baƙuwa a inda takalmana suka ƙare.

Muka zauna a matakala
tsakanin ginshiƙai biyun da ruwa ke lasa.
Telmo ya gama zane.
Giwarsa ta fi sarki girma,
a kusurwa ga wata 'yar mata da jaka,
kanta a sunkuye.

Na ce wace ce wannan?
Ya ce ke ce mana.
Na ce to, ɗaga mini kan.

Ya shiga laluben aljihu
yana neman magogi.