Allon Bango

Jiya da la'asar, Cima, na shafa wa bangon zaure baƙin fenti,
kamu uku a tsaye, biyar a kwance.
Inna ta ce na ɓata mata gida.
Na ce a bari ya bushe tukuna.

Litinin za ki shiga lise.
Shekara uku ce in an ƙirga da baki,
in an ƙirga da ƙafa, taku uku ce.

Ni ma haka na shiga, da sabon kaye mai ƙamshin kanti,
da biro biyu, shuɗi da ja.
Na ce bak tana can nesa, bayan duwatsun Birni,
ajin farko na shan iska ne.
Na kuwa sha.
A fada, gindin dogon yaro,
butar shayi ta san hannuna fiye da littafin lissafi.
Na farko mai ɗaci, na biyu, na uku,
kafin a ɗauraye kofuna shekaru sun tafi.

Ran da aka karanta sunaye a lasifika
na tsaya har mai karatun ya naɗe takarda,
ya sha ruwa, ya sauka.
An tsallake ni kamar kwata.
Yau ga ni bisa kabu-kabu, Zango zuwa Kasuwar Dole.
Ba kuka nake ba, babur yana ciyar da mu,
sai dai in na bi ta ƙofar lise
ban san sa'ad da nake ƙara wuta ba.

Kin dai san famfon unguwarmu:
ba ya zuwa sai tsakar dare, shi ma ɗigo-ɗigo.
Wadda ta kafa jarka tun da wuri
ita ke wanka da safe.
Haka abin yake shiga kai.
Kuma ranar jarrabawa babu ɗan garuwa,
ko kin riƙo jaka goma a hannu.

Abin da Mushe Mutari ya rubuta da safe
kada ya kwana baƙo a jakarki.
Buɗe masa bayan la'asar, ku gaisa,
tun da sauran ɗuminsa.
Tuwon jiya yana ɗumamuwa,
na makon jiya ko akuya sai ta yi shawara.

In ba ki gane ba, ɗaga hannu.
Dariyar aji ba ta kai tashi,
tambayar da na haɗiye kuwa
shekara biyar ke nan tana zaune a maƙogwarona.

Wayar nan, ba Inna ta ƙulle a haɓar zane
har a idar da isha'i.
Ba mai mutuwa don an bar saƙonsa ya huce.

In an ɗauke wuta, kuma za a ɗauke,
ga fitila mai cin rana, kuɗin kwana uku na babur.
Shanya ta kan soro kusa da kuɓewar Inna,
da dare ta biya ki bashi.

Kira Zuwera, da yarinyar gidan tela.
Ku uku kun isa, goma kasuwa ce.
Wadda ta gane ta riƙe alli,
wadda ba ta gane ba ta hana ta zama.

Ki kuma yi barci, don Allah.
Na ga masu kwana zaune a watan Yuni,
ido jawur kamar gauta,
suna ɗura shekara uku a buhun dare ɗaya.
Ni ne na riƙe bakin buhun.
Ta ƙasa ya yage.

Da asubar nan na taɓa bangon, ya bushe.
Na ɗauki alli don gwaji,
na fara wani lissafi da nake zaton ina tune da shi.
A layi na uku hannuna ya tsaya.
Na bar miki alamar daidai
da fili a bayanta.

Ba yau ba, ba lalle gobe ba.
Amma ran da kika cike shi kada ki goge,
ina dawowa wajen sha ɗaya,
zan haska da fitilar babur in gani.