Ran Litinin Zan Dawo

Ni mai gyaran rediyo ne a Yelwa ta Garwa.
Na san akwatin da ya yi shiru
ba lallai ya mutu ba,
wani sa'in tasharsa ce ba ka kamo ba.

Ɗana Ɗayyabu, shekara tara,
yana jera marafan kwalba a bakin shagona,
ja da ja, kore da kore.
Injin niƙa na tashi sai ya toshe kunne, ya durƙusa.
Aka ce iska ce. Na sayi turare, na yanka zakara,
jaka arba'in suka tafi, ƙaurin hayaƙi ya rage a bargonsa.
Wata likita ta ce galahanga.
Na ce mene ne maganinta? Ta ce: ku ne.

Shekara biyu ina ɓoye shi in an yi baƙi.
Wannan laifina ne, ba na neman mai taya ni ɗauka.

Ran taron iyayen yara na miƙe,
gwiwata na kaɗawa kamar tsohuwar fanka.
Na ce ba sadaka na zo roƙo ba:
benci nesa da ƙararrawa,
da malamin da zai ƙirga goma kafin ya ɗaga bulala.
Aka yi tsit. Wani ya yi tari.
Aka wuce zancen kuɗin alli.

Bayan isha'i na ji sallama.
Kuluwa ce, mai kifi ta gindin gada.
Ta ce: tawa Barira ba ta zama,
sai ka ce an zuba mata cinnaka a zane.
Sau uku ana koro ta, wai rashin kwaɓa ne,
alhali hannuna ya gaji da duka.

Na juya bayan littafin bashi,
na rubuta sunanta ƙarƙashin na ɗana.
Yau gida goma sha bakwai ne,
har daga Pitowa da ƙetaren Binuwai.
Duk Asabar muna rumfata, rediyo a kashe.

Darakta ya ce za a duba.
Sau shida ke nan ana dubawa.
Amma malamar aji uku ta ba Barira goge allo da rabon littattafai,
yawon da ake dukanta a kai ya zama aikinta.

Jiya Ɗayyabu ya zaɓi marfi ɗaya, shuɗi,
ya sa a tafina, ya rufe yatsuna a kai.
Bai dube ni ba.
Yana nan cikin aljihuna.

Darakta, ran Litinin zan dawo.