Tabo Biyu

Safiyar Litinin, benci guda, yara biyu:
Barira daga Bagalam,
Sahabi daga wani ƙauye bayan Tibiri.
Kowa da tabo a damtse,
faɗin ƴar dala ashirin,
baki ya ɗan tasa, tsakiya ta koɗe,
sai ka ce hatimi ɗaya aka buga musu.

Kakar Barira ta ce makero ne,
tun ba ta ajiye sandarta ba.
Ni ma haka na faɗa a zuci.
Shekara goma sha tara ina duban fatar yara,
ido ya fara ɗaukar kansa malami.

An shafa mai, wata ya fito ya ɓace,
tabo yana nan inda yake.
Na ce su rufe ido, na goga auduga:
"Kun ji?"
Barira ta tuntsire da dariya,
Sahabi ya dubi babansa
ya nemi amsar a fuskarsa.

Sai likita ta kashe wurin da allura,
ta ɗebi tsoka, ba ta kai ƙwayar dawa ba.
Kwalba biyu, suna biyu,
na rubuta na sake dubawa,
na kai tasha da kaina,
motar dare ta ɗauke su zuwa Yamai.

Can, in ji su, akan fere ta
ta fi ɓawon albasa shara-shara,
a rina da ja da shuɗi,
a sa ƙarƙashin madubi.
Fatar da ta yi mana shiru a Maradi
can take buɗe baki.

Kwana ashirin da uku.
Baban Sahabi ya zo sau huɗu a kan keke,
ba ya tambaya, gaisuwa kawai yake.

Takarda ta iso ranar Alhamis.
Na Barira kirci ne, zai bi ruwa.
Na Sahabi ya kewaye ƴar jijiya:
kuturta ce, tana sallama daga zaure,
ba ta kai ga shiga gida ba.
Wata shida na ƙwayoyi,
yatsunsa goma nasa ne.

Kama da wane ba ta wane,
tun ina yaro nake jin ta.
Yau da magariba na tsaya bakin Gulbi
na daɗe ina duban bayan hannuna.