Bishiyar Mutum Ɗaya

Da sassafe na fito daga Limawa,
igiya a kafaɗa, lauje a ƙugu,
amma kaina ya riga ni zuwa kasuwar Shuwarin
yana lissafin bashin taki,
buhu biyu na Alhaji Barau,
da kuɗin makarantar Uwale
da nake ta cewa "jibi" tun watan jiya.

Kawu Cindo na zaune a gindin dabino
yana ɓare gyaɗa ɗaya bayan ɗaya
kamar wanda aka ba yinin nan kyauta.
Bai ko ɗago ba ya ce,
"Kai kaɗai ne, ko da jama'arka?
Bishiyar nan mutum ɗaya take ɗauka."

Na yi dariya, na ɗaura igiya, na kama hawa.

A taku na goma ƙafata ta zame.
Ɓawo ya ɓalle, na ji faɗuwarsa a ƙasa
kafin in ji bugun ƙirjina.
Nan Alhaji Barau ya sauka.
Nan jibi ta sauka, jiya ta bi bayanta.
Ya rage daga ni sai tafin ƙafa
da kaushin kututture,
da igiya tana ƙara a gadon bayana.

Ƙafa ta laluba gurbi, ta samu.
Hannu ya jira ƙafa.
Numfashi ya shiga ya fita,
ban aike shi ko'ina ba.

A can sama ƙaya ce mai gari.
Ba ta jin uzuri, ba ta karɓar "na sha'afa".
Sai inda ido ya sauka hannu ke sauka.
Shekara bakwai ina hawan bishiyar nan,
yau na ga kiyashi a jere suna bin zaƙi,
na ga sheƙar tsattsewa manne a bayan ganye,
ƙanƙanuwa, ba ta kai tafin jariri ba.
Rana ta taɓa kan duwatsu, ta tsaya kaɗan.
Can nesa wata mata na jan guga,
ina ganin motsinta
kafin ƙarar ruwan ta iso ni.

Na yanki nonon dabino, na zura shi a hankali.
Ƙwaya ɗaya na tsinka na sa a baki.
Zaƙin bai ce mini komai a kan gobe ba,
ni ma ban tambaye shi ba.

Da na sauko, wayata na kuka
cikin aljihun rigar da na rataye a darni.
Kawu ya ce, "Karo na uku ke nan."
Na san mai kira, na san adadin kuɗinsa.
Bashi bai narke ba don na hau bishiya,
yana nan, zan je in same shi da la'asar.

Kawu ya miƙo mini gyaɗa biyar.
Na zauna a ƙasa, ƙafata na zogi,
na ɓare ta farko.
Akwai ja a fatarta, akwai ɗan gishiri.