Ƙafafun Tanki

Ƙarfe tara na dare a Samaru.
Ɗakin zane ya watse,
saura ni da fanka mai ƙugi
da shayin da ya huce tun la'asar.

Ayyuka uku ne a kan allona,
kowanne da mai shi.
Tanimu ke da famfo da tanki,
Barira ke da sola da batura,
na ukun ƙafafun ƙarfe ne
da za su ɗauki ruwan a ka
a bayan ƙaramin asibitin Bomo.
Ni ba ni da ko ƙusa a ciki.
Nawa ɗinki ne.

Ran Talata Tanimu ya ƙara wa tanki ciki,
daga lita dubu biyar zuwa takwas,
wai za a buɗe ɗakin haihuwa.
Ya adana, ya rufe, ya tafi Kwangila cin tsire.
Baturan Barira ba su ji ba.
Ƙafafu ba su ji ba.
Kwana huɗu tan uku na ruwa
na rataye a sama, ba mai tallafe.

Manhaja ba ta kai tsegumi.
Abin da ba ka ɗaura ba, ba ta ɗaura maka.
In ka zo ɗaurawa kuma
sai ta zauna kamar muhuti:
Wa ke dogara da wa?
Wace siga, ta jiya ko ta yau?
Gani kawai zai yi, ko har da taɓawa?

Na ce famfo ya jingina da sola.
Ta yarda.
Na ce sola ma ta jingina da famfo.
Sai ta yi ja wur.
Dattawa biyu ke nan a bakin zaure,
wannan na cewa bismilla, wancan na cewa bismilla,
har tuwo ya sandare.

Sai na gina musu rumbu a tsakiya.
Na kwashe abin da suka yi tarayya a kai,
nauyi, tsawo, awannin rana,
yawan bokitin da ungozoma ke buƙata kafin asuba,
na zuba, na kulle.
Kowa ya leƙa ya ɗiba.
Mai son canji ya yi sallama tukuna.

Biyu sun yi kore.
Na ukun ya ce ba a sami hanya ba.

Na bi adireshin da ɗan yatsa,
gaɓa bayan gaɓa, kamar mai neman gida a Tudun Wada,
har ya ƙare a kan suna:
Iliya Maikano.
Mahaɗin na ta ƙwanƙwasa kwamfutar Malam,
wadda aka naɗe a jaka aka kai wa iyalinsa
tun daminar da muka raka shi daga Shika.
Wata bakwai tana sallama.
Ba wanda ya gaya mata.

Filashinsa na cikin aljihun tebur,
ɗaure da zaren buhu, da ɓawon goro a gefe.
Na sa. Na buɗe.
Ga ƙafafu huɗu, ga giciye, ga kowane noti da lambarsa,
ga kuma layi ɗaya a ƙasan lissafi,
babu babban baƙi, babu aya, yadda ya saba:
na yi su don dubu goma mutanen bomo ba raguwa suke ba

Na daɗe ban taɓa linzami ba.

Daga baya na ɗauke aikin na kai rumbu,
na yanke tsohuwar igiya, na ƙulla sabuwa.
Ta tambayi sunan mai shi.
Na bar nasa.
Nawa na sa a layin mai kula.

Dubu takwas ta gangaro ta mahaɗi,
ta zauna a kan ƙafafun.
Ko gezau.

Na adana sau biyu, don na san halin wutarmu.
Ban kai ƙofa ba suka ɗauke.
A duhu na lalubi kwaɗo,
ina jin kwaɗin Kubanni
suna ta nasu taron.